Tafintan da Aka Ba Ɗana Kyauta

Ni dai sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka kada a tambaye ni yadda kwamfuta take aiki. Abin da na gani shi zan faɗa.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ɗana na fari yana aiki a wani gidan gurzar auduga a Funtuwa. Shi kaɗai ya iya rubuta wa na'urarsu umarnin lissafin awo, shi ya sa ake ji da shi. Ya ce mini na'urar ba ta gane rubutun mutum sai da tafinta, wanda yake juya shi zuwa yarenta. Tafintan nan kuwa a faifai yake, wani abokinsa ya kawo masa daga Turai kyauta.

Kyautar ba ta dame ni ba, ai ni ma ina ba da gyara a kan daddawata. Amma da ya ce masu shi sun haɗa har da bayanin yadda suka ƙera shi, kowa ya duba ya gyara, sai na ajiye muciya. Shekara da shekaru ina daddawa, ko surukata ban bari ta ga abin da nake zubawa ba.

Ashe ban ji komai ba. Wai shi ma ya kwafe nasa aikin, ciki da bai, ya ba wani Bayarabe haifaffen Malumfashi mai irin aikinsa. Na ce, "Kai, da hankalinka? Gobe su kore ka su ɗauke shi, mu ci me?"

Ya ce, "Inna, ni ma haka aka ba ni."

Na daina yi masa magana. Kullum ya dawo da yamma sai in leƙa fuskarsa, ko yau ce ranar korar.

Ana tsakiyar kakar auduga lissafin nasa ya rikice, manoma suka yi cirko-cirko a bakin sikeli, manaja ya fara maganar neman wani. Sai ga Bayaraben nan a kan babur, na ce shi ke nan, ya zo karɓar kujera. Ashe faifan aikin da ɗana ya ba shi ne ya dawo da shi, ya gano inda kuskuren yake ya gyara. Ya gaishe ni har ƙasa, ya sha fura, ya koma.

Mu dai in maƙwabciya ta aiko da tuwo, ba ma mayar da kwanon wayam, amma ban taɓa zaton akwai masu yin haka da abin da suke ci da shi ba.

Ba a kori ɗana ba. Na ƙunsa wa mutumin daddawa mai yawa na aika Malumfashi. Matarsa ta aiko tambayar yadda nake yi. Na ce a gaishe ta.