Muryar da Na Shafe a Kan Kaset

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ban taɓa zama a aji ba, 'yata ce ke riƙe da alƙalami ina faɗa tana rubutawa. A lokacin da abin nan ya faru ina da ƙuruciyata, na zo aikin Hajji na maƙale a Jidda ba iƙama, wato takardar izinin zama, ina kwana a unguwar Karantina, ina aikatau a gidan wani Bature ɗan Amurka mai aikin injiniya. Mutum ne shiru-shiru, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Yana da wani kaset guda da yake sawa duk ranar hutu da hantsi, ya zauna ya kafa wa bango ido. Direbansa, wani Bahaushen Sudan mai jin Turanci, shi ya ba ni tarihin. Ya ce wan Baturen ne ke waƙar. Garinsu can tsakiyar ƙasarsu yake, gonakin masara da masana'anta. Wan da abokansa suna aikin ƙarfe da rana, ƙarshen mako su ɗauki jita da ganguna su yi wasa a gidajen giya, shekara da shekaru ba wanda ya san da su sai 'yan garin. Rannan wani mai shirya fim ya ji waƙar, ya ce ita yake so a fim ɗinsa. Kafin ranar ɗauka mota ta kashe wan, aka sa wani ya rera, waƙar ta zaga duniya da muryar da ba ta mai ita ba. Wannan kaset, da aka ɗauka a gidan giya har ana jin ƙarar kofuna, shi kaɗai ya rage da muryarsa.

To, mu da ba mu iya rubutu ba, kaset ne wasiƙarmu. Ka yi maganarka a ciki, ka ba alhazai masu komawa su kai gida. Shekarar nan wata 'yar garinmu za ta tashi washegari, ban samu zuwa kasuwar Bab Makka na sayi sabon kaset ba. Kasusuwan Baturen sun fi hamsin a kan kanta, duk kamarsu ɗaya a idona, na zari guda na sa a zani. A ɗaki rediyo ta ƙi ɗauka. Maƙwabciyata ta duba ta ce an ɓalle masa haƙori ne, ta liƙa salatif a ramin, ta ce halas, wato shi ke nan. Ashe ramin nan shi ne mai kaset yake cewa kada a taɓa. Ban saurari abin da ke ciki ba, na danna, na gaida Inna mahaifiyata, na yi kuka, na ba da shi aka tafi.

Ranar hutu ta zo, na ga Bature yana kwashe kasusuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga kujeru, ya zazzage shara da hannunsa. Ya sa direba ya tambaye ni, na rantse ban gani ba. Tun daga nan sai ya riƙa zama a wurin nan nasa, ba rediyo, yana gunjin waƙar a maƙoshi, in ya kai wani wuri ya tsaya cak kamar mai jiran a karɓa masa.

Da Hajji ya zagayo aka kawo mini kaset ɗin, tare da labarin Inna ta rasu wata biyu da suka wuce. Ta mayar mini da amsa a kansa, yadda aka saba. Ta sa mini albarka, sannan muryarta ta yi ƙasa, ta tambaye ni wane ne mutumin nan da ke kuka a bayana bayan na gama magana, ta ce ita dai muryarsa ba ta yi mata kama da ta mai rai ba, na yi nesa da shi. Tana yin shiru sai ga wan Baturen ya shigo, jita da kofuna, baiti ɗaya da ya tsira, daidai inda ƙanensa ke tsayawa. 

Nan ne babban laifina. Da na miƙa wa Bature kaset ɗin, da ya samu ko baitin nan. Amma Inna na ciki, na kasa rabuwa da ita. Ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu, har ya ba ni kyautar fanka.

Bayan shekaru masu yawa, da azahar, 'yata na kallon wani tsohon fim a talabijin, sai ga waƙar. Kwano ya suɓuce mini. Na ce mata ba mai waƙar ba ne ke rerawa, ta ce ina na san shi. Ranar na buɗe mata komai. Muka ciro kaset ɗin daga ƙasan akwati muka sa. Saboda yawan maimaitawa da na yi shekara da shekaru, wurin Inna ya cinye, sai shuuu kamar iska a kunne. Muryar mutumin kuwa tana nan tangaran, kamar jiya aka ɗauka.

Na hana wani jin ɗan'uwansa don na riƙe uwata, ga shi an karɓe ta, an bar ni da amanar da ban san ƙofar mai ita ba. Ina roƙon Allah gafara. Ku masu aiki a gidajen mutane, abin da kuka ga an toshe ko an ɓalle, ku tambaya kafin ku taɓa. In kuma kun riga kun taɓa, ku faɗa tun mai abin yana gabanku.