Jif Ɗin Baba da Kifin Mama

Kamfanin da Baba ya yi wa aikin sito a Kudenda bai sallame shi da kuɗi zalla ba. Wani kaso suka tura masa banki, sauran kuma suka zagaya da shi bayan ma'aikata, suka nuna masa wata tsohuwar jif da kaji suka mayar wurin saka ƙwai, suka ce ya ɗauka. Da wani ne, da ya yi rigima. Baba kuwa ya tuƙo ta har gidanmu a unguwar Television da ke Kaduna yana murmushi, da gashin kaza maƙale a kafaɗar rigarsa.

Doguwa ce mai kalar ƙasa, kuma fetur take sha. Halin kirkinta guda ne: ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba. In ta tashi kuwa sai sha. Allurar da ke nuna mai ta mutu tun kafin mu san motar, don haka Baba ya feƙe wata siririyar sanda yana zura ta a tanki, ya zaro ya duba inda ta jiƙe. Kullum sai ya duba sau biyu, kamar sandar ce ke masa ƙarya.

Mama busasshen kifi take sayarwa a kasuwa. Tun da Baba ya bar aiki, kifin nan ne ke ciyar da mu, shi ne kuma ke shayar da jif. A shekarar mai ya yi tsadar da masu ƙananan motoci ma suka jingine nasu suka koma hawa keke mai ƙafa uku. Mu kuma a lokacin muka zama masu babbar mota.

Baba yana da dalilinsa, kuma duk gidan mun san shi. Kaka, mahaifiyarsa, tana ƙauyenmu a Filato, a kan dutse, hayin wani rafi. Mota ba ta taɓa isa ƙofarta ba. A filin firamare ake barin mota, a ɗora kaya a ka, a tsallaka da ƙafa. Gwiwoyin Kaka sun daina yarda da wannan hanya, har ta bar zuwa sujada. Baba ya riga ya faɗa a gaban ƙannensa cewa ranar Kirsimeti zai tsaya da mota a ƙofar ɗakinta, ya ɗauke ta ya kai ta coci. Ƙannen sun yi dariya, shi ya sa maganar ta zama dole.

A makon farko wani abu ya dame shi. Kusa da giya akwai wata ƙaramar giya, gajeriya, wadda ba wanda ya san aikinta. In mota na tafiya sai ta riƙa kar-kar-kar, ta hana shi jin labaran rediyo. Wata safiya ya fusata ya fizgo ta baya, sai ta yi shiru. Ya samo roba irin wadda masu babur ke ɗaure kaya da ita, ya ɗaure ta tamau a ƙafar kujera don kada ta koma, ya rufe da tsohon tawul. Nan take wata 'yar fitila koriya ta kama a gaban sitiyari. Baba ya nuna mana ita da alfahari, ya ce ja ne abin tsoro, kore kuwa alamar lafiya ce.

Daga nan aka shiga neman abin da ke shanye man. Akwai wani bakanike a Kakuri, mutumin gabas, mai fara'a, wanda ke kiran Baba Oga. Ya sauya fulogi, ya wanke kafireta, ya sake wanke ta, ya hura wannan ya tsotsi wancan. Duk ranar da ya rufe bonet sai ya yi rantsuwa cewa daga yau za ta riƙa sha kamar jaririya. Bai taɓa ganin robar ba, domin Baba ba ya barin kowa ya zauna a kujerarsa, kuma ba ya yarda a ƙona mai wajen gwaji. Wani maƙwabci ya ce samarin layi ne ke zuƙewa da tiyo, Baba ya sa wa tanki kwaɗo. Wani dattijon ikilisiya ya zo ya ɗora wa bonet hannu zai yi addu'a, alhali ba a daɗe da kashe injin ba. Ban taɓa jin addu'a mai gajarta irin wannan ba.

Baba ya ƙirƙiro nasa dabarun. In ya ga gangara sai ya kashe injin, mu sulala shiru kamar masu rakiyar gawa. Ya cire kujerar can baya don rage nauyi, sannan ya cika wurin da jarkokin ruwa saboda lagireto. Sitiyarin ya yi tauri har sai ya miƙe rabi kafin ya karya kwana, tayoyin gaba suna kuka a kan kwalta. Ya ce haka manyan motoci suke, ba a yi su don ragwaye ba. Da damina ta sauka, layinmu ya zama taɓo, kowa na kafewa ban da mu. Baba ya zama mai ceto, yana janyo motocin maƙwabta da igiya kyauta, Mama na tsaye a ƙofa tana kallon kifinta yana fita ta salansar mota.

Wata yamma tana ware kifi a tire ta faɗi hukuncinta, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce akwai mai buga bulo a Makera da ke son motar don jan ruwa, kuma ta ce masa ya zo ƙarshen wata. Baba ya ambaci Kirsimeti. Ta ce Kaka ma uwarta ce, amma in aka ci gaba a haka, ranar Kirsimeti sai dai a dafa taya.

Ni a lokacin ina karatun safiyo, wato awon ƙasa, a kwaleji. Ba ni da surutu. A gida in an neme ni, ana samuna ne a bayan littafi, kuma ko a aji in na san amsa sai in rubuta ta a takarda in zauna a kanta. Sunan Kaka aka sa mini, don haka Baba uwata yake kirana, amma ban taɓa yin amfani da wannan matsayi na gyara masa ko ɗaurin takalmi ba.

A cikin watan nan aka kai mu aikin awo a bakin kogi, bayan Kudenda, a wata jif ta makaranta. Muka kafe a yashi. Ina zaune a gaba da kayan awo a cinya, sai na ga direban ya kai hannu ya fizgo ƙaramar giya baya. Koriyar fitila ta kama. Motar ta yi gurnani ta fita. Muna hawa kwalta ya tsaya, ya tura ta gaba, ya ɗan yi baya, fitilar ta mutu. Na yi ta juya tambayar a baki har muka kusa makaranta kafin ta fito. Ya ce wannan ai ta taɓo da yashi ce, tana sa tayoyi huɗun duka su ja, kuma wanda ya bar ta a haka a kan kwalta, to shi da gidan mai sun zama surukai.

Wato tun makon farko jif ɗinmu a cikin taɓo take a ranta. Coci, kasuwa, gaisuwar mara lafiya, duk da ƙarfin tsallaka rafi take zuwa.

Sanin bai yi mini wuya ba, faɗin ne. Ta yaya zan tsaya gaban mutumin da ya zargi samarin layi, ya zargi bakanike, ya zargi gwamnati, in ce masa robarsa ce? Sai na zaɓi hanyar da ta dace da halina. Da safe, lokacin da yake wanka, na buɗe motar da sunan share ta, na kwance robar, na tura giyar gaba, na mayar da tawul yadda yake har da lanƙwasar gefensa. Ya yi baya zai fita daga gida, fitilar ta mutu, kar-kar-kar ta dawo. Kafin ya kai bakin titi ya tsaya ya sake ɗaurewa. Washegari na sake kwancewa. Ya ƙara roba ta biyu. Na kwance su duka na naɗe su da kyau na ajiye a ƙarƙashin kujera. Da cin abinci ya ce wa Mama motar nan akwai abin da ke cikinta, don roba ba ta kwance kanta ta kuma naɗe kanta. Mama ta ce ko ma mene ne, mai bulo zai gaje shi.

Ranar Asabar ɗin da ta rage kafin zuwan mai bulo, Baba ya shiga banɗaki ya zuba ruwa a ƙasa don a ji, ya fito da tawul a wuya ya same ni tsugune da roba a hannu.

"Uwata, ke ce?"

Na ce ni ce. Ya tambayi dalili. Na kalli tayar gaba, wadda ta cinye ta yi sumul, na gaya mata duk abin da na gani a bakin kogi, tunda ita ba ta da idon da za ta kalle ni. Ya dubi robar, ya dubi giyar.

"To koriyar fitilar fa?"

"Cewa take a tura giyar gaba, Baba."

Ya waiga wajen gida, ya rage murya ya ce wannan magana ta tsaya tsakanin uwa da ɗanta. Tagar kicin tana buɗe a bayansa, kuma ƙarar wanke-wanke ta daɗe da tsayawa.

Mama ta fito tana goge hannu. Ba ta yi dariya ba, abin da har yau nake ganin ya fi dariyar ciwo. Ta karɓi sandar awon mai, ta zura a tanki da kanta, ta sa wuƙar kifi ta yi tsaga a inda ya jiƙe. Ta ce a yi zirga-zirgar mako guda yadda aka saba, ba kashe inji a gangara, ba roba, sannan ni zan auna, tunda ni ce mai karatun awo kuma ni kaɗai ce ban taɓa yi wa motar nan ƙarya ba. Robar kuwa ta tafi da ita ta ɗaure kwandon kifi.

Makon nan Baba bai ji labarai ba ko sau ɗaya. Sitiyarin ya yi laushi har ya kusa shiga kwata a kwanar farko, don ya saba murɗawa da dukan ƙarfinsa. Ranar awo na ajiye motar a daidai inda take ranar da aka yi tsagar, don kada karkatar ƙasa ta cuci kowa. Baba na tsaye a bayana yana tari irin na neman alfarma. Na zaro sandar na faɗi abin da na gani: ta rage sha sosai, amma har yanzu mashayiya ce. Baba ya ce rabin farkon maganar ya isa. Mama ta juya sandar a hannu, ta ce mai bulo ya jira zuwa sabuwar shekara. Da Baba ya kawo kukan ƙarar giyar, ta ce a bar ta ta yi ta yi, ita daɗi take mata a kunne.

Muka tafi ƙauye ana jibi Kirsimeti, da kar-kar-kar tun daga Kaduna har Filato. A filin firamare ƙannen Baba suna jira da gammo, sun shirya ɗaukar kaya da kuma dariya. Baba ya ɗaga musu hannu ya wuce. A bakin rafi ya tsaya, ya dubi ruwan da duwatsun da ke hayi, hannunsa na kan sitiyari.

"Uwata, ja mata."

Na fizgo ƙaramar giya baya, koriyar fitila ta kama. Jif ta shiga ruwa tana gurnani, ta hau dutsen tana tangaɗi, yara na binmu da gudu, har ta tsaya a ƙofar ɗakin Kaka ta kusa ture rumbu.

Kaka ta fito da sandarta. Ta zagaya motar a hankali, ta shafa ƙofa, ta leƙa ciki. Sannan ta tambayi Mama, abu mai girma haka me ake ba shi.

Mama ta ce, "Busasshen kifi, Kaka. Ku shiga ku zauna, kafin ta ji yunwa."