Zankon Baba a Takardar Ƙosai

Kafin Baba ya dawo ƙauyenmu na wajen Bagwai ya rungumi fartanya, magini ne a birnin Kano. Ginin ƙasa ya iya, na tubali da azara. Abin da ya dawo da shi daga waccan rayuwar bai wuce hotuna huɗu ba, waɗanda ya yanko daga wata tsohuwar kalanda ya liƙa a bangon ɗakinsa da ƙaro. Akwai ganuwa, akwai wata ƙofar gari jakuna suna shiga, akwai birnin daga kan Dala. Na huɗun wani soro ne mai zane a goshi, wanda Baba ya ce da hannunsa ya ɗora masa zankon dama. An daɗe da rushe gidan an yi shaguna.

Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa. Ni kuwa haushi abin yake ba ni. Takardun sun yi jawur, kashin ƙuda ya cika su, ni ban ga abin kallo ba.

Shekarar da na fara aiki a Kano kaina ya kumbura. Na zo gida ana gab da Sallah, na tarar Baba ya tafi kasuwar Ɗambatta sayar da rago. Na ce bari in yi abin a yaba min. Na ɓamɓare hotunan, na shafe ɗakin da farar ƙasa, na rataya sabuwar kalanda mai ƙyalli da dogayen benayen Dubai. Tsofaffin kuma na miƙa wa Gwaggo, ƙanwarsa mai tuyar ƙosai a ƙofar gida, don kullum cikin cigiyar takardar ƙunshi take.

Bayan la'asar Baba ya dawo. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa.

"Allah ya yi albarka, ɗaki ya yi haske," ya ce. "Ina birnin nawa?"

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni: "Kano zan kai a saka musu gilashi, Baba."

Na zagaya wajen Gwaggo da sauri, amma ta riga ta yayyage su, rabi ma ya bi masu saye.

Shekara biyu, duk zuwan da zan yi sai ya tambaya, "An gama gilashin?" Ni kuma in ce mai aikin ne ba shi da alkawari. Na bi masu sayar da tsofaffin littattafai a Kano ina ta tono. Na samu hotunan ganuwa da na ƙofofi, kuma a wajen neman ne idona ya buɗe. Sai in zauna ina kallon yadda inuwa take kwanciya a jikin katanga, da sawun yatsun magina a kan yaɓe. Amma soron Baba ban same shi ba.

Wata damina, mun dawo daga gona muna zaune a gindin darbejiya, ya zaro wata 'yar takarda a naɗe daga aljihu. Ba ta kai tafin hannu ba, mai ya ratsa ta har ana ganin haske ta ciki. Zanko ne guda ɗaya da ɗan gefen sama.

"Washegarin ranar da ka shafe ɗakin Gwaggonka ta aiko min da ƙosai a ciki," ya ce. "Ina ta jira ka faɗa da bakinka."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na sunkuyar da kai.

Ya ɗora min ita a tafin hannu. "Na dama ne, nawa ne. Shi dai ka kai a saka masa gilashin."