Tabon Shayin da Aka Wanke wa Baba

Ranar Litinin ɗin da soja suka miƙa mulki ga farar hula a 1979, duk gidajen Ƙofar Sauri kunne na kan rediyo, ban da namu. Mu Baba muke kallo yana safa da marwa tsakanin zaure da gindin darbejiya, ya cire hula ya mayar, ya leƙa lungu ya dawo. Ƙawayena na waje suna 'yar gala-gala, ni kuwa ya kafa ni a bakin ƙofa, wai in na hango wani daga gidan maƙwabcinmu Alhaji Sale in yi maza in faɗa masa.

Baba tela ne, amma abin da ya ci masa rai shi ne tara tsofaffin ƙyallayen tebur da na rufe akushi waɗanda suka fito daga gidajen sarauta. Ba tsohuwar jakadiyar da bai durƙusa wa ba, ba dillaliyar da bai bi ba, daga lungunan Gobarau har Batagarawa a kan keke. A adaka yake jera su da kafur saboda asu. Duk Juma'a ni ke shanya su a inuwa, in zauna gadi da kara a hannu, don akuyar Inna ba ta san sarauta ba. Ita ma Innar tsummokara take ce musu, in ba ya kusa.

Wanda ya fi so wani fari ne mai surfanin alharini, da tabon shayi kamar tafin hannu a gefe guda. Tsohuwar da ta ba shi ta ce wani ɗan sarki ne ya tuntsurar da kofi da gangan, don kada ya sha shayi da Bature. Baba yakan dafa wurin ya ce, “Kin ga nan? Nan ne shaidar. In babu shi, zane ne kawai.”

To, sai maƙwabcinmu Alhaji Sale ya ci zaɓe, ya aiko aron wannan ƙyallen don walimar manyan baƙi. A unguwarmu kuwa ba a hana aro, turmi ne ko tabarma, balle ga wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Baba ya miƙa, kunya ta hana shi cewa kada a wanke, sai cewa ya yi a kula da shi sosai. Tun daga nan tuwo ya daina shiga masa, keken ɗinki ma ya yi shiru.

A ranar Litinin ɗin, bayan la'asar, sai ga Hajiya Binta, matar Alhaji, da kanta, ƙyallen a kan faifai, ya sha bula da sitaci da guga, ga goro a gefe. Ai abin kunya ne a mayar da kayan aro da datti. Da aka gama gaisawa ta ce, “Malam, wani tsohon tabo ya so ya gagare ni, amma sai da na ga bayanshi.” Baba ya warware ƙyallen, ya duba gefen, ya juya ya sake dubawa, fari fat. Sannan ya ce, “Madalla Hajiya, Allah shi yi albarka.” Da ta tafi ya miƙa wa Inna, ya ce a riƙa rufe tuwo da shi. Inna dai ba ta ƙara cewa tsumma ba, kuma ba ta taɓa rufe tuwon da shi ba.

Yanzu leda ake shimfiɗawa a walima, a ci a nannaɗe a yar, ba mai aro balle mai wanki. Adakar tana ɗakina, har yau ina jin haushin wannan kirki na Hajiya. In jikokina suka tambayi labarin ɗan sarki, sai in ɗauko ƙyallen in dafa musu wurin da babu komai. Ni kaɗai na rage mai ganin tabon.