Shuɗin Rawanin Hamid

Duk wanda ya sauka tashar Dakoro ya tambayi inda ake wanke hoto, shagon Na'Allah za a nuna masa, kuma kafin ya tafi sai an ja masa kunne kada ya yi gardamar launi da mai shagon. Na'Allah mutum ne mai fara'a, ba ya rowar dariya, ba ya rowar shayi, amma a kan hoton baƙi da fari ba shi da aboki. A wurinsa baƙi baƙi ne, fari fari ne, abin da ke tsakaninsu toka-toka. Duk hoton da ya surka da kore ko shuɗi ɓarnar takarda ce kawai.

Ɗan manoma ne daga Sabon Maci. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a gonar gero, shi kuwa tun ranar da wani mai hoto ya zo ƙauyensu ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, hankalinsa ya bar hauya. Ya tafi Maradi ya zauna hannun wani dattijo mai suna Badaru, ya koyi wanke hoto a ɗaki mai duhu, inda fuskar mutum ke fitowa sannu-sannu a kan farar takarda cikin ruwan magani. Har yau in yana ba da labarin sai muryarsa ta yi ƙasa. Da ya ƙware ya buɗe shago a Dakoro, ya auri Balkisu, aka yi shekaru babu ango ko ɗan lakwal, wato ɗan makaranta, da bai tsaya gaban labulensa mai zanen benaye ba.

Sai salula ta zo, kowa ya zama mai hoto, har mai tallar tafasa. Fim ya ɓace daga kasuwa, ruwan magani ya bi shi. Na'Allah ya yi fushinsa ya gama. Da ya ga fushi ba ya cika tukunya, sai ya sayar da ragunan Balkisu, da izininta in ji shi, ko da yake ita labarinta daban ne, ya sayo tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da injin buga hoto mai fesa tawada. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Injin nan ya fi jariri shagwaɓa. Zafin gari na busar masa da tawada a baki, rairayi na shiga masa ta ko'ina, kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa yana tsakiyar hancin mutum. Na'Allah ya ajiye shi kusa da randa don ya sha sanyi, ya lulluɓe shi da tsohon zanen Balkisu. Maƙwabcinsa Abarci mai shayi kowace safiya sai ya leƙo ya ce, "Ina kwana, Na'Allah. Ya mai jiki?"

Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yadda injin ke yin toka-toka. Ba baƙar tawada kaɗai yake sa wa ba, garwaya ja da shuɗi da ruwan ɗorawa yake yi. In ɗaya ta toshe, sai hoton ya karkata wajen sauran. Irin wannan hoto bai taɓa barin ya fita shagonsa a hannun mai shi ba. Abarci yake ba wa ya hura gawayi.

Wata ranar kasuwa cikin bazara, wata doguwar tsohuwa ta yi sallama a bakin shagon. Sunanta Lalla, daga wani zangon makiyaya da ke bayan Bader Gula ta zo a motar kasuwa.

"Kai ne mai hoto?" in ji ta. "An ce mini kana tada tsohon hoto."

"Tadawa sai Allah, Inna. Mu dai gyara ne namu."

Ta kwance wata ƴar jakar fata ta fiddo hoton da bai kai tafin hannu ba. Gara ta ci gefensa, tsaga ta ratsa tsakiyarsa.

"Wanga maigidana ne, Hamid. Ya daɗe da rasuwa, kuma shi kaɗai ne hoton da anka taɓa yi mishi. Idona ya hwara yana. Ina son in gan shi babba tun ina iya gani. Motarmu na tashi bayan la'asar, ban san kuwa ko zan sake zowa gari ba."

Na'Allah ya kai hoton kusa da ido. Mutum ne cikin katafaren rawani, amawali ya rufe baki da hanci, ba abin da ke waje sai idanu da saman kumatu.

"Inna, ina huskar?"

"Ga ta nan. Iyakar abin da mutane sunka sani ke nan. Sauran nawa ne."

Ya yi dariya, amma maganar ta shige shi. Ya ajiye hotunan katin shaida da ke jiransa, ya kife na Hamid a kan gilashin injin, ya ɗauke shi zuwa cikin ordinata. Ya duƙufa yana cike tsagar ɗigo-ɗigo, yana mayar da gefen rawanin da gara ta cinye, har furarsa ta tsinke a kwano bai sha ba. Da ya gamsu sai ya ce bismillah ya ba injin umarni.

Takardar ta fito shuɗiya. Ruwan ɗorawa ya toshe. Rawani, kumatu, har fatar ido, duk sun yi shuɗi-shuɗi. Kunya ta kama shi, ya yi maza ya kife takardar a ƙarƙashin benci tun tsohuwar ba ta lura ba. Ya sa injin ya wanke bakinsa, ya sake sawa, ya roƙe shi, ya zage shi a hankali don kada Inna ta ji. Ana cikin haka kuran ya ɗauke.

"Mai jiki ya suma?" in ji Abarci daga waje.

Na'Allah ya sharce gumi. Lalla na zaune a tabarma tana jan carbi, ko sau ɗaya ba ta ce ya yi sauri ba, wannan kuwa ya fi damunsa da a ce faɗa take yi.

Sai bayan azahar kuran ya dawo, ruwan ɗorawa kuwa yana nan a toshe. Na'Allah ya koma ga dabararsa ta ƙarshe, ya hana injin taɓa kowace tawada sai baƙa. A hankali hoton ya fito tsaf, baƙi baƙi, fari fari, irin wanda marigayi Badaru zai gani ya gyaɗa kai. Da hannu biyu ya miƙa mata.

Ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Aikinka ya yi kyau, ɗana," in ji ta. "Sai dai ya hi kama da ƙanenshi, wanda ya yi aikin gwamnati a birni."

A tasha an fara kiran mutanen Bader Gula. Nan ne Abarci ya shigo neman abin hura gawayi kamar yadda ya saba, ya zaro takardar nan daga ƙarƙashin benci, ya juya ta da yatsunsa masu baƙi.

"Tsaya," in ji Lalla. Ta karɓe ta daga hannunsa. Ba ta ko kai ta wajen haske ba. "Ga Hamid."

"Inna, wanga ɓatacce ne," in ji Na'Allah. "Inji ne ya yi kure."

"To Allah shi yi wa injin albarka. Rawaninshi turkuɗi ne, ɗana. Shuninshi na zuba bisa kumatunshi, bisa wuyan rigarshi, bisa duk abin da ya taɓa. In na tahi rijiya, mata hannuna sukan duba, su ce maigida ya dawo daga ayari."

Abarci ya fita neman wani abin hura gawayi.

Takardar ta riga ta sha gawayi, don haka Na'Allah ya zaro mafi kyawun takarda a shagon, ya mayar da injin yadda yake da farko. Mutumin da ya yi shekaru yana yaƙi da shuɗi, ranar nan tsaye ya yi a kan injin yana roƙon Allah kada ruwan ɗorawa ya buɗe. Bai kuwa buɗe ba. Hamid ya fito babba, shuɗinsa har ƙyalli yake yi.

"Riƙe ta gehe, Inna, kada ki taɓa. Bai bushe ba."

Ta ji shi sarai. Ta sa babban yatsanta ta shafi gefen rawanin, daidai inda ya sauka a kan kumatu. Da ta ɗago, yatsan ya yi shuɗi.

Na'Allah ya yi sauri ya ɗauko buta. "Kawo in zuba miki, tun bai kama ba."

Lalla ta dubi yatsan, ta yi murmushi, ta mayar da hannun cikin lulluɓinta.

"Bar shi ya kama," in ji ta. "Rijiya zan tahi gobe."