Ruwan Kawu Musbahu Ya Ƙi Washewa

Kawu Musbahu yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne ɗan fari a wurin kakarmu Iya Asabe, shi ya sa har yau ba ta kama sunansa. "Mutumin Jidda" take ce masa. Ya daɗe a can yana aiki a wani shagon sayar da kifayen ado na teku, shi ke wanke akwatunan gilashi, shi ke haɗa musu ruwa. Can ya yi aure, can matar ta rasu ba su haihu ba. Da ya dawo garinmu Ƙofa sai ya koma gonar gado, masara da damina, tumatir da rani, kamar bai taɓa barin gari ba.

Abu ɗaya ne ya bambanta shi da sauran manoman unguwarmu. A ɗakinsa na ƙofar gida akwai akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da fararen duwatsu masu ramuka, da kifi guda ɗaya tak, rawaya kamar ƙwaiduwar ƙwai, wanda wani direba ya taho masa da shi daga Legas. Ba ya zuba masa ruwan rijiya, sai tatacce da yake sayowa a Kiru. Gishirin ma ba na miya ba ne, aiko masa ake yi. Ya ɗora sola a kan rufi saboda ɗan injin da ke juya ruwan, kullum ɗakin na cikin wani siririn gurnani.

Kifin ba ya fitowa ga kowa. Ko ni da nake kai wa Kawu abinci, da na ɗaga labule zai shige rami. Amma da Kawu ya yi sallama zai fito ya tsaya daidai fuskarsa, da idon nan nasa da ba ya ƙiftawa. Tun mutane na zuwa kallo har suka koma ƙus-ƙus, wai ba shi kaɗai ya dawo daga bakin teku ba, aljanar ruwa ta biyo shi. Ubale, abokin wasansa, shi ke faɗa a fili.

"Ango, ya amarya? Ta fara tuƙa tuwo kuwa, ko har yanzu wankan ake yi?"

"Ta fi ka tsabta dai," in ji Kawu.

Iya ba ta taɓa dariyar wannan wasa ba.

Ana tsakiyar damina ruwan ya fara dushewa. Da fari kamar an ɗiga nono a ciki, daga baya ya koma toka-toka, duwatsun baya suka daina ganuwa. Kawu bai tsorata ba. Ya ce mini idan ruwa ya yi kore, hasken rana ne ya yi yawa, sai ya rataya buhu a taga. Idan ya yi launin shayi, datti ne ya taru, sai ya sauya gawayin da ke cikin matatar ruwan. Idan ya yi fari, abinci ne ya ruɓe, sai ya rage ba shi. Duk ya yi. Ya auna gishiri, daidai yake. Ya ɗebe wani ɓangare na ruwan ya zuba sabo, ya ɗan washe. Ya tafi gona ya dawo, ya tarar ya fi da muni.

Haka aka yi ta yi. Ɗakin ya ɗauki wani irin ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kamar abin da ya ƙone. In ka tsaya gaban gilashin ba ka ganin komai, sai can ido guda ya matso daga cikin duhun, ya dube ka, ya ja da baya. Daga baya kifin ya koma saman ruwa yana buɗe baki yana rufewa.

"Iska ce ke ƙare masa," in ji Kawu. "Gishirina saura na haɗi ɗaya, wanda na yi saƙo kuma bai ko taso ba. In ban gano abin nan ba, zai mutu ina kallo."

Ya rame. Ya daina zama a majalisa bayan la'asar.

Ranar kasuwar Tudun Wada ya fita da sassafe, hadari ya maido shi da hantsi. Ina sharar zaure ya wuce ni, sai na ga ya tsaya cak a bakin ƙofarsa. Na leƙa. Iya ce tsaye a gaban akwatin, ta ɗage murfin, da ƙoƙo a hannunta. Wani baƙin zare yana sauka cikin ruwan a hankali yana bajewa kamar hayaƙi. Magana take yi ƙasa-ƙasa, da kifin take.

"Ki sake shi. Ki koma inda kika fito. Ni na haife shi."

Kawu ya cire takalmi ya durƙusa.

"Iya, me ake zubawa?"

Ba ta firgita ba. "Rubutu ne. Malam Ladan ya ce a ba ka ka sha. Ni kuwa na duba na ga ciwon ba a jikinka yake ba, ga inda yake."

"Iya, shi ke kashe shi."

"Ayar Allah ce za ta yi kisa? To ai ka faɗa da bakinka ko ita mece ce."

"Ba ayar ba ce, Iya. Tawadar ce. Da ƙaro da ƙonannen sukari ake dafa ta, su ke ruɓar da ruwan."

Ya miƙa hannu biyu ya karɓi ƙoƙon, ya yi bisimilla ya shanye sauran.

"Daga yau ni za a riƙa ba. Duka. Ko sau nawa kika kawo zan sha."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

A ranar ya haɗa ragowar gishirinsa, ya sauya ruwan da zai iya, ya sa sabon gawayi, ya rufe murfin. Kifin ya sauka ƙasa, muka daina ganinsa. Kawu ya ce alama ce mai kyau, ya samu numfashi.

Ruwan ya fara washewa daga sama, kowace safiya ya ƙara sauka kaɗan. Duwatsu suka bayyana, sannan yashin ƙasa. Ran nan muka wayi gari ruwan ya yi garau, ban taɓa ganinsa haka ba. Babu kifi.

Kawu ya yi sallama, ya ƙara yi. Ya naɗe hannun riga ya ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya duba cikin matatar ruwan, ya duba bayan akwatin da ƙarƙashin gado. Ko ƙaya bai samu ba. Ya ce mini akwai ƙananan tsutsotsi a cikin irin waɗannan duwatsu, in kifi ya mutu su ke cinye shi tas. Ya sake faɗa mini, alhali ban tambaye shi ba.

Da aka gaya wa Iya, "Alhamdu lillahi" kawai ta ce, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Bai sayi wani kifin ba. Gishirin da ya yi saƙo ya iso, ya karɓa, yana kuma haɗa ruwa kamar da. Iya ta taɓa tsayawa a bakin ƙofar ta tambaye shi, "Mutumin Jidda, yanzu kuma me kake kiwo a ciki?"

"Ruwa, Iya."

Amma kafin ya tafi gona yakan ɗaga murfin ya yafa ɗan abinci. In na kai masa kwano da azahar nakan duba, ba na ganin ko ƙwaya. Ya ce tsutsotsin ne.