Ina Jiran Kuɗin Sallama, Gulbi Bai Jira Ni Ba

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ina roƙon ka ba ni fili in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi, amma don Allah ka sakaya sunana. A lokacin da abin ya faru ni akawu ne a wani ofishin gwamnati a Birnin Kebbi, zamanin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, sa'ad da ko biro za a saya sai takarda ta je Sakkwato ta dawo. Shekarata tara ina aiki. Ina haya a unguwar Nasarawa da matata da 'ya'ya biyu, ina da babur, ina da agogo, ina kuma da girman kan da ya fi albashina nauyi. A ƙauyenmu da ke gefen Argungu ni kaɗai ne namijin da ya rage wa mahaifina, kuma ni kaɗai na yi boko a gidanmu. In na je gida Malam Akawu ake kirana, har tsofaffin da suka ci tuwon sunana. Baba kuwa in ana hira a ƙofar masallaci, ba ya daɗewa bai sako zancen ɗansa na ofis ba. Ni kuma, Allah ya yafe mini, daɗi nake ji.

Muna da gonar shinkafa a fadama, wadda ita ce cin gidanmu tun zamanin kakana. Wanda bai san ƙasarmu ba sai in yi masa bayani. Gonar fadama a wajenmu ba kamar ta tudu ba ce da za ka bar ta shekara uku ka dawo ka same ta. A hannun mai gari take, kuma al'adar ita ce duk wanda ya bar tasa damina ta wuce ba shuka, za a miƙa wa wani, don masu jira suna da yawa. Aikinta kuma ba ya son jinkiri. Da bazara ake kaftu, a fasa busasshiyar laka da galma, ruwan farko ya sauka a watsa iri, a bi da cire ciyawa, domin shinkafa ta miƙe ta yi tsawo kafin gulbi ya cika ya malalo. In ruwa ya iske ta gajera ko ciyawa ta danne ta, shi ke nan, sai wata shekara. Tun da ƙarfin Baba ya fara raguwa, ni nake aika abin da za a ɗauki 'yan ƙwadago, shi dai ya tsaya a kansu da sandarsa.

Sai ga shekarar da aka yi ta rage ma'aikata. Wata safiya na shigo ofis na tarar da ambulan a kan teburina, layi huɗu kacal a ciki: gwamnati ta gode, ba a bukatar aikina, za a biya ni kuɗin sallama idan an kammala takardu. Wallahi sai da na karanta sau uku ina neman inda aka yi kuskuren suna. A nan na tafka wautar da har gobe nake cizon yatsa a kanta. Na ce wa matata kada kowa ya ji a gida. Dabarata ita ce kuɗin su fito cikin wata ɗaya ko biyu, in buɗe shago, sannan in je in ce ni na ajiye aikin da kaina don in yi kasuwanci. Kullum da safe sai in sa kaftanina mai guga, in ɗaura agogo, in tada babur, maƙwabta suna yi mini a dawo lafiya.

Inda nake zuwa kuwa gindin wata darbejiya ce a gaban ofishin biya, inda mu korarru muke taruwa, masinjoji da direbobi da akawuna, kowa da fayil ɗinsa a hammata. A ranar farko wani dattijo, tsohon masinja wanda ya riga mu zama a wurin, ya ja ni gefe ya karanta mini dokar gindin bishiya. Ya ce mai biya daga Sakkwato ba ya sanar da ranar zuwansa, in ya zo suna yake kira sau ɗaya, wanda bai amsa da bakinsa ba fayil ɗinsa zai koma Sakkwato a sa shi can ƙasan tuli, wataƙila sai bayan shekara biyu. Ya ce ya san wanda ya je bayan gida kawai ya rasa nasa. Ban tambaye shi sunan mutumin ba, ban tambayi a ina aka rubuta dokar ba. Ni da na yi shekara tara ina cewa mutane su kawo a rubuce, na haɗiye wannan magana ba ko ruwa. Daga ranar, ko sallar azahar a gindin bishiyar muke yi, kunnenmu na kan titi. Duk farar motar da ta karyo kwana sai mu miƙe gaba ɗaya muna gyara hula, ta wuce mu koma mu zauna.

Akwai wani direban motar haya ɗan garinmu da ke zirga-zirga tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, shi ke kawo mini saƙon gida. Da bazara ta kama ya same ni a gida ya ce Baba na gaishe ni, ya ce lokacin kaftu ya yi, kuma bana yana son in zo da kaina ko na mako biyu ne, don gonar ta fi ƙarfinsa. Abin ya ɗan ba ni mamaki, domin Baba bai taɓa cewa in bar ofis in zo gona ba, shi ne ma mai cewa aikin gwamnati ba a wasa da shi. Amma ban tsaya tunani ba. Na ce a gaya masa aiki ya yi mana yawa, albashi kuma ya makara, ya ɗan yi haƙuri. Direban ya dube ni, ya dubi kaftanina, ya ce to, Allah ya taimaka. Bayan ruwan farko ya sake dawowa. Ya ce Baba ya yi kaftun da kansa, kaɗan-kaɗan, shi da galmarsa, ya kuma watsa iri, yanzu saura ciyawa. Ya ce Baba ya ce a gaya mini da irin bakinsa, gulbi ba shi jiran kowa. Na sake aika masa da ƙaryar aiki, na haɗa da sabulu da ɗan goro don in rufe bakin zuciyata.

Daga nan abubuwa suka fara yi mini wani iri. Gindin darbejiya ya fara raguwa, ba don an biya kowa ba. Wani direba da muke zama tabarma ɗaya ya fara tari, wata Litinin muka ga wurinsa ba kowa, aka ce an kai shi makwancinsa tun Asabar. Ƙanensa ya zo da fayil ɗin yana tambaya ko shi zai iya amsa sunan, dattijon masinja ya girgiza kai. Na sayar da agogo, na sayar da rediyo, amma ban fasa guga ba. In mun tashi da la'asar, ƙafata ta riƙa kai ni bakin tudun da ke kallon fadama. Ruwan da ke wucewa ta Argungu shi ke isowa Birnin Kebbi, saboda haka duk abin da na gani a nan na san ya riga ya faru a gida. Makon farko wani siririn ruwa ne can nesa. Mako na biyu ya cike ƙoramu. Na uku na ga ya fara lasar gindin gonakin mutane, jajir da shi, yana tafe a hankali ba hayaniya. Ina tsaye ina lissafin tsohon da ke duƙe a cikin irin wannan ruwan yana tuge ciyawa da hannu. Matata ta ce mini in je ko kwana biyu ne, ita za ta zauna a gindin bishiyar, in an kira ta ce ba ni da lafiya. Na daka mata tsawa na ce me ta sani a harkar gwamnati. Ta ci gaba da tankaɗen garin da maƙwabciya ta sammana.

Wata Laraba da hantsi sai ga direban nan, ba gida ya je ba, kai tsaye gindin darbejiya ya zo ya tsaya a kaina. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fayil ɗin, ban ma tsaya tambayar kaina yadda aka yi ya san inda nake ba. Ya ce mahaifiyata Inna ce ta aiko shi wannan karon. Baba kwana huɗu ke nan yana kwance da zazzaɓi da ciwon ƙirji, a fadama aka ɗauko shi, kuma yana ta kiran sunana. Ya ce motarsa na tasha, in zo mu tafi yanzu. To a daidai wannan makon ne jita-jita ta cika wurin cewa mai biya ya iso gari, gobe Alhamis zai kira suna, har an ga ana share ofis. Na tsaya tsakanin direba da bishiya. Malam Edita, da bakin nan nawa na ce masa ya je, gobe da azahar ina nan tafe, kuma da kuɗi a hannu, in ɗauki Baba in kai shi asibitin Argungu. Har ina jin kaina mai dabara. Direban ya juya ya tafi.

Alhamis muka zauna tun sanyin safiya har rana ta karkata. Ba mai biya, ba farar mota. Sharar da aka gani ashe wani babba ne zai wuce. Na hau babur na kama hanyar Argungu, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas, ina gudu ina addu'a. Tun daga bakin gari na ga mutane suna dawowa ta hanyar maƙabarta, wasu da laka a ƙafa, suna ganina suna sunkuyar da kai. Baba ya cika da hantsi, an yi masa sutura bayan azahar. Maƙwabta ne suka sa shi a kabari, ɗansa guda yana Birnin Kebbi yana gadin bishiya.

Bayan addu'ar uku Inna ta kira ni ɗakinta. Na durƙusa zan fara yi mata bayanin yadda aiki ya riƙe ni, ta ɗaga mini hannu. Ta ce in bar wahalar da kaina, tun makon da aka sallame ni Baba ya sani, direban ya gan ni a gindin bishiyar ya zo ya faɗa masa. Baba ya hana kowa ya nuna mini an sani, ya ce yaro ne mai jin kunya, kada a karya shi. Ta ce kiran da ya yi ta yi mini na in zo gona, ƙofa ce ya buɗe mini don in dawo gida da mutuncina, mutane su ce tsohonsa ne ya kira shi, ba korarsa aka yi ba. Da na ƙi zuwa, mai gari ya aiko yana tambaya ko bana za a saki gonar, tun da ba a ga 'yan ƙwadago ba. Ita da kanta ta ce a saki, shi ya ce a'a. Ya ce da ina da aiki da ya saki, amma yanzu yaron nan ba shi da komai sai wannan laka, ba zai bari ya dawo ya iske ta a hannun wani ba. Shi ya sa ya ɗauki galma yana da shekara saba'in da wani abu. Sabulun da na aika ma, ta nuna mini shi a kan taga, bai taɓa ba.

Ban koma gindin darbejiya ba. Na kwaso iyalina muka dawo gida. Da kaka na shiga gonar yankan shinkafa, na ga aikin Baba da idona: kashi biyu cikin uku ta yi kyau ta sunkuya da nauyi, sauran kuwa ciyawa ta cinye, kuma iyakar a miƙe take kamar an ja zare. A daidai wurin, da ruwa ya janye, na tsinci hularsa a maƙale cikin laka. Kuɗin sallama kuwa sun fito bayan shekara guda da 'yan watanni. A rediyon maƙwabci na ji sanarwa, an ba da mako biyu kowa ya je ya karɓa a ranar da ta yi masa. Da na je na tambayi mai biyan zancen kiran suna sau ɗaya, ya dube ni kamar mahaukaci, ya ce shi bai taɓa jin wannan doka ba. Mu muka ƙirƙire ta, mu muka ɗaure kanmu da ita.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka shi ne, rasa aiki ba abin kunya ba ne, ƙaddara ce da ke kan kowa, amma ɓoye shi ga iyaye shi ne masifar. Suna gani, shiru kawai suke yi don su rufa maka asiri. Wanda duk yake jiran haƙƙinsa a wani ofis, ya je ya tambaya a gaya masa gaskiyar tsari daga bakin mai aikin, kada ya ɗauki dokar gindin bishiya, kuma ya kama wata sana'a yana jira, don takarda ba ta san damina ba. In kuwa tsohonka ya aiko ya ce ka zo, ka ajiye ko mene ne ka tafi, ba ka san abin da ke bayan kiran ba. Har yau ni ke noma gonar nan, da ita na aurar da 'ya'yana. Kowace shekara in na zo cire ciyawa, daga inda Baba ya tsaya nake farawa. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi wa Baba addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara.